Muhawara: Shokazobar da Ta Mutu, a Ɗura Mata Mai ko a Sayo Wata?

Nazifi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Golf 3 ɗin da na saya, wanda ya riƙe ta kafin ni ya sa an yanke mata sifirin, ta kwanta ƙasa irin yadda samarin birni ke so. Yanzu shokazobar gaba ta hagu tana yoyon mai, baya kuma da na faɗa rami sai in ji ƙwal. Kuɗin hannuna ba za su sayi sababbi huɗu ba. Malam Habu ya ce in kawo ya ɗura musu mai. Me kuka gani?

Malam Habu mai walda: Wa'alaikumus salam. Abin da na faɗa maka shi zan maimaita a gaban kowa: shokazoba ba ta mutuwa, mai ne yake ƙarewa. A huda ta, a tsiyaye tsohon, a ɗura sabo, a toshe da walda. Kuɗin bai kai rabin na Baljiyam ba, wato tsofaffin da ake kwancewa daga motocin Turai. Motocin da ke lodin Maigatari ranar Alhamis, da yawansu da irin wannan aikin suke yawo.

Oga Sale makanike: Malam Habu, ina ganin girmanka, amma ban yarda ba. Man da ya ƙare, ta ina ya fita? Ta robar da ke riƙe shi a wuyan sandar nan mai sheƙi. Ƙura ta ci robar, ko sandar ta karce. Ka ɗura sabo, ta ƙofar da na farko ya bi shi ma zai bi. Ga kuma 'yan bawul a ciki, su ke matse mai ya wuce a hankali. In sun saki, ko ka cika ta taf motar ba za ta daina rawa ba. Zafin waldarka kuma ƙara gasa robar yake.

Malam Habu: Ai ina naɗe wuyan da jiƙaƙƙen tsumma kafin in sa wuta. Kuma wadda sandarta ta karce ba na karɓa, mai ita nake mayar wa.

Oga Sale: To mai gas fa? Akwai wadda aka matsa wa iskar naitirojin a ciki da ƙarfi. Yaro ya ɗora mata abin huji bai sani ba, mai da ɓarɓashin ƙarfe su feso masa a ido. Kai ka iya bambancewa, yaran da suke kwaikwayonka ba su iya ba.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne. Mai gas ba na taɓa ta, kuma ina hana yarana.

Alhaji Ɗanlami direba: Sale, ku makanikai da an yi magana sai ku ce a tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano. To Baljiyam ɗin ma ai caca ce. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta a Jamus, doguwar Golf ɗin ma a 1999 aka daina. Shokazobar da aka kwance daga irin wannan motar, in ta asali ce, ta girmi Nazifi. A wanke ta da fetur, a fesa baƙin fenti, a miƙo maka. Na sha saya in ɗaura, kafin damina ta fita ta fara jiƙewa. Saboda haka kar a raina aikin Habu, talaka yake rufa wa asiri.

Oga Sale: Alhaji, ranka ya daɗe, ban musa ba. Shi ya sa ake gwadawa a gaban mai shago: ka tsayar da ita, ka danna sandar har ƙasa, ka jawo ta sama, sau da yawa. In ka ji wani wuri da ta wuce salalaf babu nauyi, ko ka ga danshi a wuya, ajiye masa abinsa. Amma duk mun bar jaki muna dukan taiki. Ciwon motar Nazifi a sifirin yake. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke tsayar da ita a tsayinta. Shokazoba aikinta kawai ta hana ta yin tsalle bayan an wuce rami. Da aka yanke zobe ɗaya ko biyu, sandar shokazoba ta nutse tun motar na tsaye, tazarar da ta rage mata kaɗan ce. Kowane rami sai ta kai ƙarshe ta daki robar tsayawa, in robar ta ruɓe kuma ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙwal ɗin da yake ji ke nan. Sannan sifirin da aka rage wa zobe ƙara tauri yake, shokazobar asali ba don wannan taurin aka yi ta ba. Ko sabuwa fil ya ɗaura, ta Sachs ko KYB, haka za ta mutu. Ta Malam Habu kuwa ta fi saurin mutuwa.

Nazifi: Oga, amma ni na ji an ce mota in ta yi ƙasa ta fi kama titi a kwana. Kuma gaskiya tana yi min kyau a haka.

Musbahu: Abokina, maganar da ka ji tana da tushe, sai dai ba irin taka ake nufi ba. A Turai kamfanoni irin su Eibach da H&R suna ƙera sifirin na musamman da ke sauke mota kamar milimita 30 zuwa 40, an auna taurinsa, ƙarshensa kuma yana zama daidai a mazauninsa. Sau da yawa har shokazoba mai gajeriyar sanda ake haɗa masa. Naka da injin yankan ƙarfe aka datse shi. Ka ɗaga motar da jak ka gani, wataƙila sifirin ɗin ma yana lilo a wurinsa. Wasu kuma wuta suke gasa masa har ya sauka, wannan ya fi muni, don ƙarfen ya rasa ƙarfinsa, yana iya karyewa ana cikin tafiya.

Yaya Binta: Nazifi ƙanena, ni ban san ƙarfe ba, amma na san hanyarmu. Daga gida zuwa bakin kwalta burji ne da yashi, in ruwa ya sauka kuma kowa ya san yadda take komawa. Motarka ita ce ta kusa a unguwa. Ranar da naƙuda ta kama wata cikin dare, ƙofarka za a buga a ce a tafi asibiti a Ringim. Motar da cikinta ke gogar kowane tudun rage gudu, yaya za ta yi da mai ciki a baya? Don Allah ka ɗaga ta.

Alhaji Ɗanlami: Binta ta faɗi abin da ya fi komai. Mu a tasha ƙara wa mota tsayi muke, saboda buhu da rami. In kwanon mai na ƙasan inji ya daki dutse ya tsage, ba ka lura ba, inji ya buga, to lissafin ya wuce na shokazoba.

Nazifi: Na ji. To da ɗan abin da ke hannuna, daga ina zan fara?

Oga Sale: Sifirin huɗu na asali tukuna. Na Baljiyam ya wadatar, don shi ido na iya tantance shi: a jera su a ga tsayinsu ɗaya, babu tsatsa mai zurfi, babu alamar yanka. Na doguwar Golf na baya daban yake da na gajeriya, ka faɗa wa mai shago irin taka. Sai shokazobar gaba guda biyu. Kar ka canza ta hagu kaɗai, in ɗaya na da ƙarfi ɗaya ta saki, motar ba za ta zauna daidai ba a birki ko a kwana. Robar tsayawa da robar kare ƙura ba su da tsada, a sa su. Tunda an kwance, a duba boljoyin da tayarod da bushin, wato mahaɗan da ke riƙe ƙafar mota, wanda ya yi wasa kaɗai za a canza. Kusoshin bushin kuma sai an sauke motar ta tsaya da ƙafarta a ɗaure su tamau, in an ɗaure a sama robar murɗewa take ta yage da wuri. A ƙarshe a kai ta alaimen a daidaita tsayuwar tayoyin, in ba haka ba tayoyinka za su cinye ta gefe ɗaya.

Malam Habu: To na baya fa? Kuɗinsa sun ƙare a gaba. Ya bar su haka suna lilo da shi, ko ya kawo in ɗura musu mai su kai shi kaka ya sayar da riɗi? Nan ne nake cewa aikina yana da rana.

Oga Sale: In masu mai ne zalla, sandarsu lafiya, kuma an mayar da sifirin, ba zan hana ba. Amma a kira shi da sunansa: lallaɓawa ce zuwa kaka. Kar ya ɗauka ya gyara ya riƙa lodin buhu yana gudu a hanyar Gujungu.

Malam Habu: Kai ka ce lallaɓawa, ni na ce gyara. Akwai waɗanda na yi wa bara har yau ba su dawo ba.

Alhaji Ɗanlami: Wasu ba su dawo ba don ta yi, wasu kuma don sun wuce Kano sun sayo wata, Habu. Ba duka za ka sani ba.

Nazifi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Binta, za a ɗaga ta. Oga Sale, in na kwance na gaban da kaina in kawo maka, zai rage min kuɗin aiki?

Oga Sale: A'a, kar ka taɓa. Sifirin ɗin gaba a matse yake a jikin shokazoba, in ka kwance noti na sama babu abin matse shi, yana iya fallowa ya fasa maka fuska, musamman na asalin da za a mayar. Kawo motar gaba ɗaya ranar Asabar da safe mu ɗaga ta mu rubuta abin da za a sayo, Litinin sai mu shiga Ƙofar Ruwa tare. Malam Habu, kai ma ka leƙo mu duba na bayan da idonka.

Malam Habu: In Allah ya kai mu zan zo, da man da tsummana.