Mayar da motar rimot ta 1/5 (kashi ɗaya cikin biyar na girman motar gaske) zuwa mai jan ƙafa huɗu

Ga abin da na tsinta daga masu harkar kan motocin rimot irin su HPI Baja 5B, masu jan ƙafafun baya kawai.

1. An yi ittifaƙi cewa aikin ba ƙarami ba ne: sai difaransha ta gaba (giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu), sandar tsakiya mai kai ƙarfi, da akasil masu bin sitiya.
2. Giyar gaba da ta baya dole juyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba haƙora su cinye.
3. A yashi da tsakuwa mai jan ƙafa huɗu ta fi kama ƙasa, amma nauyi ya ƙaru, injin motar mai girman 23cc zai ji jiki.

Inda aka rabu: wasu sun ce a sayi Losi 5ive-T kawai, motar rimot da ke zuwa da jan ƙafa huɗu tun asali, wasu sun ce daɗin yana cikin ƙerawar. Ni dai ina tare da na farko.