Rigar da aka binne da gangan: fasaha ce ko ɓarna?

Ɗalibar zanen kaya: Salamu alaikum 'yan zaure. A 1993 mai zanen kaya Hussein Chalayan yana gama karatu a makarantar zane ta Central Saint Martins da ke Landan, ya ɗinka riguna na siliki, ya barbaɗa musu garin ƙarfe, ya binne su a lambun abokinsa. Da ya tono su, tsatsa ta yi wa yadin zane ja-ja, ƙasa ta bar tabonta. Kantin Browns ya saye su duka. Ni dai a wurina wannan fasaha ce.

Tela: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ban yarda ba. Shekara ashirin ina kan keke, duk wanda ya kawo mini shadda so yake ta kai shi Sallah uku. A ba ƙasa siliki? Almubazzaranci ne.

Ɗalibar zanen kaya: Yaya, ai kowace riga tsufa take yi, mu ne muke ɓoyewa da guga da sitati. Shi fito da abin fili ya yi. Wani mai zanen kaya, Martin Margiela, ma a 1997, a wani gidan tarihi na Rotterdam a ƙasar Holan, ya shafa wa kaya ƙwayoyin bakteriya da makamantansu har fumfuna ta tsiro a jikinsu, launi yana canjawa kullum.

Marini: 'Yata, abin nan ba baƙo ba ne a marina. Turkuɗin Kura ana rina shi, a buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya, ƙarar bugun tana tashi unguwa guda. Buzu ya naɗa shi, shunin ya zuba masa a goshi da kumatu, kuma zubar nan ita yake ƙauna. Ya san rawanin zai koɗe tun ran da ya biya kuɗin.

Tela: Baba, turkuɗi yana zuba amma yana tare rana da ƙura. Rigar fumfuna wa ta suturta?

Hajiya mai atamfa: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Kamfanin tufafi na Comme des Garçons ya fito da rigar sanyi mai huje-huje a 1982, masu kuɗi suka yi rububi. Yaron da ke tura baro a bakin shagona rigarsa ta fi wannan huji, amma ko kallonsa ba a yi. Yagewa ba ta zama ado sai a jikin wanda ke da wata rigar a gida.

Ɗalibar zanen kaya: Hajiya, wannan kam ta taɓa ni. Amma Baba, tsatsa za ta kama farin saƙi kamar yadda ta kama siliki? Ina so in gwada da ƙyalle ɗaya.

Marini: Za ta kama. Ki jiƙa shi da ruwan tsami, ki naɗe tsofaffin ƙusoshi a ciki, ki kawo mini in gani.