Girafik kad: me za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya, Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Ana rubuta bayani da Hausa ga masu son haɗa sabuwar kwamfutar gida, irin wadda yara za su yi aikin makaranta da ita, maigida ya yi lissafinsa, a kalli bidiyo. Sauran kayan sun zauna da sunayensu na aro, monita, ram (memorin aikin kwamfuta), fawa-fak (akwatin da ke ba kayan ciki wuta). Girafik kad ne ya ƙi zama. Wasu na cewa katin hoto, wasu katin zane. Wanne ya fi?

Malama, Gwarinpa: Wa'alaikumus salam. Malam, katin zane dai a bar shi. A baki babu matsala tunda ana jan wasalin, amma a rubuce zanen hoto da zanen ɗaurawa ɗaya suke, sai a ɗauka katin wani shagon atamfa ne a kasuwar Wuse. Katin hoto kuma ya yi kama da katin shaida, ko ɗan memorin da ake sa wa kyamara. Shi wannan abu ba ajiyar hoto yake yi ba, lissafi yake yi. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kuma kowane ɗigo sai an fitar masa da launinsa sau 60 a daƙiƙa. Tunda aiki ne, sunan ya nuna aikin. Ni dai na tsaya a "katin sarrafa hoto".

Injiniya, Wuse 2: Malama ta kama hanya, sai dai abu biyu ake cakuɗawa. Akwai ɗan guntun da ke lissafin, wato GPU, sunan da kamfanin NVIDIA ya yayata a 1999 da ya fito da katinsa GeForce 256. Akwai kuma katin kansa, faifan da aka ɗora guntun a kai tare da memorinsa da fankarsa, wanda ake cusawa a dogon gurbin PCIe da ke jikin madabod, babban faifan da sauran kayan ke haɗuwa a kansa. Guntun yana iya zama cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba tare da wani kati ba. Don haka a ce wa guntun "masarrafin hoto". In yana cikin furosesa, na ciki ne. In yana kan faifansa, shi ne katin sarrafa hoto.

Wannan rabon ba don gwaninta ba ne, kuɗi yake ceta. Kwamfutar da aka kwatanta a sama ba ta buƙatar kati ko kaɗan, na ciki ya ishe ta. Abin lura shi ne harafin da ke ƙarshen lambar furosesa. Furosesan kamfanin Intel mai F, kamar i5-12400F, babu masarrafin hoto a cikinsa: ka haɗa ka kunna ba kati, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. A wajen kamfanin AMD, Ryzen 5 5600G yana da shi, 5600 marar G ba shi da shi. Kuma na ciki daga ram yake aron memori, shi ya sa sandunan ram biyu masu giga 8 suka fi ɗaya mai 16 yi masa sauri.

Mai haɗa kwamfuta, Banex: Yallaɓai, sunan ya yi daɗi, amma ka shigo plaza ka ce a ba ka katin sarrafa hoto, kallonka za a yi. Nan girafik ake cewa. A rubuta sunan Hausan, a haɗa shi da na kasuwa sau ɗaya a farkon bayanin, kada a tura mutum yana neman abin da mai shago bai taɓa ji ba.

Wanda kuma zai sa kati, don gem ko gyaran bidiyo ko zanen gini, ya fara duba wuta kafin farashi. Gurbin madabod wat 75 kawai yake bayarwa. Fulogin da ke zuwa wa kati daga fawa-fak, mai rami 6 yana ƙara 75, mai rami 8 yana ƙara 150. Katunan GTX 1650 da RTX 3050 mai giga 6, yawancinsu wutar gurbin ta ishe su. RX 6600 yana cin wat 132, RTX 3060 kuma 170, kuma kamfanin NVIDIA ya ce a ba RTX 3060 fawa-fak mai wat 550. Mai inbata ya lissafa wannan a kan batirinsa, don wuta ba ta tabbata.

Inda ake yawan ƙonewa shi ne ƙananan tokumbo na ofis. Akwatinsu siriri ne, sai kati mai gajeren ƙarfe, fawa-fak ɗinsu kuma ƙarami, ba shi da wayar kati. Sai a je a sayo ɗan mahaɗi daga wayar SATA, wadda ke ba faifan ajiyar kwamfuta wuta. Ita wannan wayar wat 54 take ɗauka a layin bolt 12, a ɗora mata 75, roba ta narke. Kada a yi. Sannan a auna tsawon akwatin da tef kafin a biya, kuma bayan an sa kati, wayar HDMI a jikin katin ake cusa ta, a ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. Da hunturu a riƙa hure ƙurar fankar da abin hura iska, a riƙe fiffiken da yatsa kada ya yi ta juyawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. An tsaya ke nan: masarrafin hoto ga guntun, na ciki ga wanda ke cikin furosesa, katin sarrafa hoto ga faifan, girafik a bakin kasuwa. Saura gigar da ake rubutawa a kwali, me za a ce mata?

Injiniya: Memorin kati, ba sai an wahala ba. Amma a rubuta kusa da shi cewa yawan giga ba ƙarfi ba ne. Katin GT 730 mai giga 4 bai kai na cikin 5600G ƙarfi ba, ga shi kuma ana tallarsa da gigar. In na hannu ne, a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a gaban mai shago a ga ko sunan da ke kwali ya dace da guntun, don akwai waɗanda ake sauya wa suna, sannan a bar shi yana aiki mai nauyi minti 20 a ga ko allon zai fara fitar da ɗige-ɗige.