Neman kalmar Hausa: mariƙin kyamarar masu dirar laima

Jama'a barkanmu da yamma daga Abuja. Ƙanina ne ke shirin zuwa Dubai koyon dirar laima daga jirgin sama, burinsa in ya ƙware ya riƙa ɗaukar masu dirowa hoto, to muna duba kayan aiki sai muka ci karo da abin da suke kira kwik rilis, wato abin da ke riƙe kyamara irin GoPro a jikin hular kwano amma ya sake ta nan take in an ja. Ina son mu samar masa suna na Hausa.

Bari in yi bayani tukuna don sunan ya dace da aikin. Ana fitowa daga jirgi a wajen ƙafa 13,000, mutum yana zubowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, bayan kamar minti ɗaya ya buɗe laima, to a wannan lokacin igiyoyi sirara ne ke wucewa ta gefen kansa da ƙarfi, in ɗaya ta sarƙe a kyamara shi ke nan wuyansa ke ɗaukar nauyin, kuma ko ya yanke babbar laimar tana nan rataye a kansa, ya buɗe ta ko-ta-kwana su harɗe. Dole ke nan ya iya rabuwa da kyamarar, wani lokacin har da hular gaba ɗaya, da hannu ɗaya, yana sanye da safar hannu, igiya kuma na jansa. Shi ya sa ƙungiyar masu dirar laima ta Amurka ke ba da shawarar sai mutum ya yi dira 200 kafin ya ɗaura kyamara.

Wani mai hoton biki a Wuse ya ce a kira shi maƙali. Malam ka yi haƙuri ban yarda ba, ai maƙalewar ita ce hatsarin da ake gudu. Kuma farantin da kuke zare kyamara da shi daga kan sandarta mai ƙafa uku don sauƙin aiki ne, wannan ko maganar rai ce, bai kamata su yi tarayya a suna ba, kar yaro ya sayo na situdiyo ya hau jirgi da shi.

Wata baiwar Allah daga Jos ta kawo ɗaurin zariya tunda ja ɗaya ake yi ya kwance. Hajiya wallahi ya yi kusa sosai, matsalar dai zariya in an ɗaure ta tamau cijewa take yi, namu kuwa dole ya saki ko da nauyi a kai.

Ni ga tawa: mariƙi shi ne mazaunin kyamarar, na'urar sakin kuma fizgi-ka-rabu, a kan tsarin faɗi-ka-mutu da muke ce wa tangaran. Sunan da kansa yana gaya ma abin da za ka yi lokacin da babu sararin tunani. Sai mu ce mariƙi mai fizgi-ka-rabu, kuma sunan zai iya dacewa da na'urar sakin babbar laima mai zobba uku, wadda wani mai ƙera kayan dirar laima, Bill Booth, ya ƙirƙiro a shekarun 1970.

Malaman Hausa da tsofaffin sojojin laima, in akwai kalmar da kuke faɗi a bariki ku kawo ta, in ta fi wannan ita zan ɗauka.