Gashin da aka yi wa ɗana yana ƙarami zai iya jawo masa ciwon suga?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara biyu aka gano cutar kansa a ƙodarsa ta hagu, irin wadda likitoci ke kira Wilms. Aka cire ƙodar, ya sha allurai, aka yi masa gashi da hasken na'ura (radiotherapy) a gefen ciki. Alhamdulillahi ya warke, yanzu har ya shiga sakandare. A zuwanmu na ƙarshe sai likita ya ce a riƙa auna masa suga. Kaf danginmu da na babansa ba mai wannan ciwo, yaron kuma siriri ne. Ina ruwan ƙoda da suga? Kuma an ɗauki hoton ƙirjinsa bara saboda tari, shi ma zai ƙara masa ne?

Mai Ɗaukar Hoto:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya. Ba ƙodar ce ta sa likita ya faɗi haka ba, maƙwabciyarta ce, fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi. Jelarta tana miƙewa hagu har kusa da ƙodar hagu da saifa, kuma a jelar nan ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, suka fi yawa. To in aka gasa gefen hagu, da wuya hasken bai taɓa ta ba. Ƙwayoyin da suka lalace ba sa dawowa yadda suke, amma sauran na ɗaukar nauyin aikin shekara da shekaru, shi ya sa ciwon kan jira har mutum ya girma.

A 2012 masu bincike a Faransa da Ingila sun bibiyi mutum 2,520 da suka warke daga kansa tun suna yara. Waɗanda hasken ya fi samun jelar fankiriyas ɗinsu su suka fi kamuwa, musamman waɗanda aka gasa kafin su cika shekara 2. Amma ki lura, 65 ne aka tabbatar suna da ciwon a cikinsu duka.

Batun hoton ƙirji kuwa, ki cire shi daga ranki. Da Gray ake auna yawan hasken da ya shiga jiki. Gashin Wilms kan kai Gray 10 ko fiye, hoton ƙirji bai kai kashi ɗaya cikin dubu na Gray guda ba. Wallahi kullum sai na yi wa wata uwa wannan bayani a bakin ƙofa.

Anti Nas:
Hajiya, ki nemi takardar da ta nuna inda aka gasa da adadin hasken, ki adana ta, don likitan da zai gan shi yana ɗan shekara 30 ba zai san tarihin ba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce gwajin suga kafin karin kumallo, ko na HbA1c mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, duk shekara 2. Amma kika ga yawan fitsarin dare, ƙishirwa ko rama ba dalili, kar ki jira lokacin. Kuma kar ramarsa ta ruɗe ki, irin wannan yana kama marasa jiki ma. Lemon kwalba dai a rage, ƙwallo kuma a bar shi ya buga, in likitansa ya amince, tunda ƙoda ɗaya gare shi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Takardun na wajen babansa, yau zan sa ya fito da su. Anti, azumi fa? Bana ya dage sai ya yi duka.

Anti Nas:
A yi gwajin suga da na ƙoda kafin watan ya kama, ki kai wa likitansa sakamakon, shi zai yanke.