Kwanan daskarewar raɓa da ke jikin takardar iri: yaya za mu yi da shi a Legas?

Uwargida daga Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke Ingila ya aiko mini da irin tumatir da na latas, kuma a bayan takardar tumatirin an rubuta cewa a reni irin a cikin ɗaki mako 6 zuwa 8 kafin ranar ƙarshe da raɓa ke daskarewa. Ina da ɗan fili a bayan gida da buhunan da na cika da ƙasa da taki, amma na rasa watan da wannan lissafi ya faɗa a nan Legas. Don Allah masu sani su taimaka, domin ba na son irin ya tafi a banza.

Malami daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan umarni ba don mu aka rubuta shi ba. A ƙasashen sanyi, idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0 cikin dare, ruwan da ke jikin ganye yakan zama ƙanƙara ya fasa naman tsiron, sai a wayi gari tumatir ya yi baƙi ya kwanta. Shi ya sa a yawancin Ingila ba a fitar da dashen tumatir waje sai wajen ƙarshen Mayu, kuma ranar da suke dogaro da ita matsakaicin lissafin shekarun baya ne, wata shekarar takan saɓa. Legas kuwa ko a tsakiyar hunturu ba ta kusantar wannan sanyi, saboda haka ki bar wannan layi, ki duba ruwan sama.

Dattijo mai lambu daga Ojo:
'Yata, gaskiya Malam ya faɗa miki. Abin da ke kashe mana tumatir a nan shi ne ruwan Yuni da Yuli, lokacin da ƙasa ke jiƙewa sharkaf, saiwa ta ruɓe, ganye ya kamu da ciwo saboda laima. Ni nakan yafa iri a Satumba a ƙarƙashin rumfa, bayan mako 4 in yi dashe, ta yadda zai yi fure ruwa na janyewa, in ci gaba da ban ruwa safe da yamma har a fara tsinka wajen Disamba. Latas ki jira hunturu, domin zafi yana sa shi ya miƙe ya yi ɗaci. Alayyafo da lalo da kuɓewa su ne 'yan damina, amma kada ruwan farko na Maris ya ruɗe ki, sau da yawa yakan ɗauke ya bar tsiro a rana. Ki bari ruwan ya zauna a Afrilu. Ki kuma huda gindin buhunan nan sosai, na ga mutane da dama sun yi asara a kan wannan kaɗai.

Ɗalibin aikin gona daga Mile 12:
Baba, ina da ƙari kaɗan. Irin da aka tanada don Ingila ba lallai ya jure zafinmu ba, domin idan rana ta haura digiri 32 kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatir yakan kaɗe bai ƙulla 'ya'ya ba. Hajiya ta shuka rabin buhunan da irin gida, ta kwatanta.

Uwargida daga Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan ajiye tumatirin sai Satumba. Baba, rumfar ta leda ce ko ta ganyen kwakwa?