Mu da muka kai yara kallon Frozen da Moana: kowa ya faɗi yadda ta kasance a gidansa

Maman Ilham, Abuja

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman iyaye. Kuɗin da finafinan katun na gimbiyoyi masu waƙa ke tarawa a gidajen sinima ya daɗe yana ba ni mamaki. Frozen na farko da kamfanin Disney ya saki a ƙarshen 2013 ya tara kusan dala biliyan 1.3 a duniya. Na biyunsa a 2019 ya kai biliyan 1.45. Moana 2 na Nuwamban 2024 shi ma ya haura biliyan ɗaya, alhali da farko ba don sinima aka fara shirya shi ba, shiri mai dogon zango aka so yi wa Disney+, dandalin kallo na kamfanin a intanet, daga baya aka mayar da shi fim. Kuɗin nan daga aljihun iyaye suka fito, kuma har da namu a ciki.

Ni dai a hutun Disamba na kai nawa Moana 2. Yarinya ɗaya ce ta matsa, amma yaro ai ba ya zuwa sinima shi kaɗai. Sai ga ni da ita da yayyenta da 'yar ƙanwata da ta zo hutu, ga gugguru ga lemo. Da na duba layin sayen tikiti, kowane gida haka yake, babu wanda ya zo shi ɗaya. Ina so in ji naku: a ina yaranku suka fara gani, me ya riƙe su, kuma ku iyaye me kuka gani a ciki?

Baban Sadiq, Chicago

Wa alaikumus salam Hajiya. Ina nan lokacin da Frozen na farko ya fito, kuma abin da na gani da idona shi ne fim ne da ya ƙi sauka. A al'adar nan, fim yakan ci kasuwarsa ne a mako biyu ko uku na farko, sai ya fara ja da baya. Wannan kuwa an sake shi a hutun Thanksgiving, ƙarshen Nuwamba, amma a makon farko na Janairun 2014 sai ga shi ya koma na ɗaya a Amurka. A daidai lokacin aka yi wani sanyi a garin nan har aka rufe makarantu. Yara na kulle a gida, babu filin wasa, babu fita. Da sanyin ya ɗan lafa, inda iyaye suka samu mai ɗumi da za su kai su shi ne sinima.

Mun koma, ba sau ɗaya ba, kuma waƙar Elsa, babbar gimbiyar fim ɗin, ce ta mayar da mu. 'Yata tana shekara shida a lokacin. A ƙarshen Janairu suka fito da wani nau'i na fim ɗin da ake rubuta baitocin a ƙasan allo domin masu kallo su riƙa bi. Ranar da muka je ba zan manta ba. Da aka zo wurin da Elsa ke gina fadarta ta ƙanƙara, yara suka miƙe tsaye a tsakanin kujeru, suna buɗe hannu, suna rerawa da iya ƙarfinsu har muryar mawaƙiyar ta ɓace. Wata dattijuwa da ke gefena tana riƙe da rigunan sanyin jikokinta a cinya, ita ma bakinta na motsi. Kowa a ɗakin nan ya riga ya san labarin daga farko har ƙarshe, waƙar suka biya kuɗi su zo su yi tare.

Sai kuma rigar. Watanni ana nema a shaguna babu, masu sari suna sayarwa a intanet da tsada mai yawa. Kafin ƙarshen 2014 Disney ta ce ta sayar da rigunan Elsa da ƙanwarta Anna sama da miliyan 3 a Arewacin Amurka kaɗai. Mu matata ce ta ɗinka wa yarinyar da hannunta.

Anti Balaraba mai ɗinki, Kano

Baban Sadiq, maganar riga ce ta sa na saka baki. Ni ban taɓa shiga sinima don katun ba, yarana a waya suka gani, wurin masu turi aka ɗoro musu. Amma fim ɗin ya shigo shagona. Uwa za ta zo da hoto a waya ta ce, Anti irin wannan take so na bikin ƙarin shekara. Sai in shiga Kantin Kwari in nemo yadi mai sheƙi ruwan sararin samaniya da net mai laushi na baya, in bi ƙirjin da ƙananan duwatsu. Asalin rigar kafaɗa a buɗe take kuma da tsaga a gefe, to ni rufe wuyan nake yi, in saka hannu dogo, in toshe tsagar, wani lokaci in haɗa da ɗan hijabi kalar rigar. Akwai walimar da na je na tarar da yara mata rututu cikin shuɗi kamar ankon biki, rabinsu ɗinkina ne.

Abin lura Hajiya Maman Ilham, irin mu ba ma cikin lissafin biliyoyin nan. Ko kwabo bai je wa Disney daga unguwarmu ba, sai dai mai turi da mai yadi da ni muka samu. Amma ki tambayi yaran layinmu wace ce Elsa ki ji.

Hadiza, Yamai

Mu nan da Faransanci yara suka san Frozen, ta tele da waya. Waƙar ma ta Faransanci suke yi, a hanyar lakwal, a tsakar gida, ko'ina. Yarinyata ta daɗe ba ta san asalin fim ɗin na Ingilishi ba ne sai da 'yan uwanmu suka zo daga Katsina, suka yi ta gardama kowa na cewa tasa waƙar ce ta gaskiya. An fassara fim ɗin zuwa harsuna 41, ashe kowa na da tasa. Da aka buɗe gidan sinima na Canal Olympia a 2017 ne muka samu inda za mu kai yara kallon katun a babban allo, ɗaki ɗaya ne mai kujeru 300.

Malam Habu, Zariya

Ina yi wa kowa sallama. Ni malamin firamare ne, kuma ba na barin yarana su kalli abu sai na fara zama na kalle shi. Zan faɗi abin da na yaba da abin da ya dame ni.

Frozen na yaba masa a kan abu biyu. Soyayyar da ta ceci rai a ƙarshe ta ya da ƙanwa ce, ba ta saurayi ba. Sannan ɗan sarkin da Anna ta amince wa aure a ranar da ta fara ganinsa, ashe sarautar yake hari. Na zauna da babbar 'yata mun yi magana mai tsawo a kan wannan wurin, kuma ta fahimce ni fiye da yadda za ta fahimta da wa'azi na yi mata.

Moana kuwa ya fi ba ni aiki. Akwai Maui da ake cewa rabinsa abin bauta ne, akwai wata abar bauta da ke ba tsibirai rai, sannan yarinyar ta fita teku bayan mahaifinta ya hana. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni ko da gaske wani ne ya jawo rana da igiya. Na gaya masa tatsuniyar mutanen tsibiran tekun Pasifik ce, mu Allah ɗaya muka sani, Shi ya halicci rana da teku. Ya gamsu. Amma ina tunanin gidajen da ake miƙa wa yaro waya a tafi aiki, wa zai amsa masa wannan tambayar? Waƙa tana shiga zuciyar yaro da sauri, abin da ke cikinta ma tare suke shiga.

Maman Ilham, Abuja

Allah ya saka da alheri Malam. Tambayar Maui nima an yi mini ita a mota muna komawa gida.

Ummu Rayyan, Jidda

Lokacin Frozen na farko babu sinima a Saudiyya gaba ɗaya, an shafe sama da shekara talatin a rufe. Masu hali Bahrain ko Dubai suke kai iyali. A 2018 aka sake buɗewa, don haka na biyun a nan Jidda muka kalla, kuma shi ne karon farko da 'yan biyuna suka shiga sinima. Shawara ga masu ƙananan yara: da aka kashe fitilu sauti ya tashi, namijin ya ƙanƙame ni yana kuka, dole na fita da shi muka zauna a waje har ya nutsu. Wanda bai kai shekara huɗu ba, a ganina, a bar shi ya kalla a gida.

Wani abin da ya amfane mu shi ne fassarar Larabci. Da can katun ɗin Disney da Larabcin Masar ake fassara su, Frozen kuma aka yi shi da fusha, wato daidaitaccen Larabcin littafi. Larabawa da yawa sun yi ƙorafi sun ce ya yi nauyi a bakin yara, amma ni da yarana ke karatu da fusha a makaranta na ji daɗi.

Zainab mai zane, Kaduna

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama, ni ta ɓangaren yaran zan yi magana. Ina ƙaramar sakandare na ga Frozen a kwamfutar yayata. Da na biyun ya fito a 2019, ni da ƙawayena muka tara kuɗinmu muka je kallo a Abuja, babu yaro ko ɗaya a tare da mu, kuma irinmu sun cika layin baya. Wannan ma wani sirrin kuɗin ne: waɗanda suka tashi da na farko sun girma sun fara sayen tikiti da kansu, ga kuma sababbin yara sun taso.

Yanzu zanen katun nake koya, shi ya sa na bi tarihin. Gimbiya kaɗai ba ta sayar da fim. A 2009 Disney ta yi The Princess and the Frog, da Tiana, baƙar gimbiyarsu ta farko, zanen hannu mai kyan gaske, labarin a New Orleans. Bai kai dala miliyan 300 ba, ni kuma har yau shi na fi so, kuma yana yi mini ciwo da bai samu abin da ya cancanta ba. Kamfanin ya ɗauka cewa yara maza na gudun fim ɗin da aka tallata a matsayin na gimbiya, shi ya sa a 2010 suka tallata Tangled da barkwanci da guje-guje, suka tura jarumin namiji gaba, ya tara kusan miliyan 600. A Frozen ma tallan farko Olaf, mutum-mutumin ƙanƙara, da barewar nan Sven kawai aka nuna, babu Elsa babu Anna.

Sai kuma Wish na 2023, wanda aka yi don cikar kamfanin shekara 100. Akwai budurwa, akwai masarauta, akwai waƙoƙi, amma abin da ya tara bai wuce kusan miliyan 250 ba, kuɗin shirya shi kuwa ya doshi miliyan 200, ga shi gidajen sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Na kalle shi, na fito ban riƙe baiti ko ɗaya ba. Ku gwada da Frozen, wanda mata da miji, Kristen Anderson-Lopez da Robert Lopez, suka rubuta wa waƙoƙi: ya ci lambar yabo ta Oscar biyu, ɗaya na waƙa, faifan waƙoƙin ya yi mako 13 a saman jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, a Japan kuma fim ɗin ya yi mako 16 a jere yana na ɗaya. Moana 2 ma a ganina cin arzikin na farkon ya yi. Shekara takwas yara na maimaita na 2016 a gida, har ya zama fim ɗin da aka fi kallo ta intanet a Amurka a 2023. Waƙoƙin na biyun ba Lin-Manuel Miranda, ɗaya daga cikin marubutan waƙoƙin na farkon, ne ya rubuta ba, kuma ni ban ji sun kai na farkon ba, amma yaran sun riga sun saba da Moana, dole a kai su.

Baban Sadiq, Chicago

Zainab, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da na gani. Wish mun je, babu wanda ya ce a koma.

Gwaggo Asabe, Jos

Ni jikoki ne suka saka ni kallo. Abin da ke raina shi ne yaushe za su ji irin wannan da Hausa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, kuma finafinanmu na Hausa waƙa ce ke sayar da su, ba sai an koya mana son fim mai waƙa ba. Jikata tana rera ta Elsa da Turancin da ba ta gane rabinsa ba, amma da na yi mata tatsuniya mai waƙa a ciki, a dare ɗaya ta haddace. Muna da Daurama, muna da Sarauniya Amina ta Zazzau. Zainab 'yata, ke da kike cikin sana'ar, abin zai yiwu kuwa?

Zainab mai zane, Kaduna

Gwaggo, fassara ita ce mafi kusa, kuma an taɓa yi wa wasu. The Lion King an yi shi da harshen Zulu tun 1994, Moana an yi shi da harsunan Mawori da Hawayi da Tahiti. A 2024 kuma Disney ta haɗa kai da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú, labarin da ke faruwa a Legas. Namu na kanmu kuwa, babban fim irin na sinima yana cin ɗaruruwan ma'aikata da shekaru, ba mu kai nan ba tukuna. Abin da muke iyawa yanzu shi ne gajere, minti biyar zuwa bakwai, a saka a YouTube. Ni da abokan karatuna mun fara zana wata yarinya mai ɗiban ruwa a rijiya, wutar lantarki da tsadar data ne ke ja mana baya. Mawaƙi muke nema wanda zai rubuta wa yara, ba waƙar soyayya ba. Idan kin yarda Gwaggo, ki ɗauko mana waƙar tatsuniyar nan da muryarki a waya, daga ita za mu fara gwadawa.